Wata Huɗu a Gaban Wutar Madam Liyu

Jirginmu ya sauka Gwanzu ta ƙasar Sin da hantsi, ana wani yayyafi mai laushi wanda ba ya jiƙa mutum, sai dai ya sa rigarsa ta yi nauyi. Na fito da jaka ɗaya da takarda a hannu, an rubuta sunan lakwal, wato makarantar da zan shiga, da lambar Sidiku, mutumin da zai tarbe ni. Na tsaya inda masu tarba ke tsayawa ina duba fuskoki. Kowa ya ga nasa ya tafi. Wasu jiragen suka sauka, mutanensu ma suka watse. Na kira lambar ya fi sau goma, wata mata ce kawai ke amsawa daga cikin na'ura da harshen da ban taɓa ji ba.

Sunana Isufu. A Malanbil aka haife ni, gidanmu gidan fataken albasa ne tun kakanni, amma ni ban bi buhu ba. Teburin gyaran waya nake da shi a bakin kasuwa, kusa da inda 'yan kabu-kabu ke jiran masu ƙetara gada zuwa Gaya. Abin da ya tashe ni daga teburin nan, wata rana ce na je Gene kai wa wani makiyayi wayarsa, na iske ma'aikata sun tone rami a gefen kwalta suna haɗa zaren gilashin nan da suke kira fibir. Ɗaya daga cikinsu ya bar ni na leƙa. Ya nuna mini wani ɗan bututun ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba, zare ɗaya ya shiga ta nan, biyu sun fita ta can. Ya haska jar fitila a cikin na farkon, sai ga bakin kowane ɗaya daga cikin biyun ya yi ja kamar garwashi. Ya ce kuplar sunansa, daga Sin ake kawo musu. Na koma gida ina ta tunanin yadda mutum zai raba haske kamar yadda ake raba ruwa a gonakin shinkafa.

Shekara guda ban bar zancen ba, har ya kai kunnen Sidiku, ɗan garinmu da ya daɗe yana dillancin kaya a Sin. Ya zo ganin gida, ya zauna a zaurenmu ya ce akwai lakwal da ake koyar da aikin, shi zai tsaya mini. Babana ya buɗe rudu biyu, rumbunan albasar da ya ajiye, ya sayar tun ba ta yi daraja ba, ya ba shi kuɗin.

Azahar ta wuce ina zaune kan jakata, sai wata dattijuwa mai farin mayafi ta tsaya a kaina.

"Samari, tun ɗazu nike ganin ka. Wa kake jira?"

Jin Hausa a wurin nan sai da ya sa na miƙe tsaye ban shirya ba. Na ce, "Sidiku, Hajiya. Sidiku na Malanbil."

Ta gyara mayafinta. "Ɗauko jakarka. In shina nemanka, ya san inda zai same ka."

Hajiya Kubura ke nan, mutuniyar Dogon Dutsi, mai sarin kwanuka da kuloli. Masaukinta yana hawa na goma na wani bene, kwalaye sun cika shi har rufi, sai 'yar hanya da aka bari tsakaninsu. A nan ta shimfiɗa mini tabarma. Ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kukar da ta zo da ita daga gida, ta zauna tana kallona har na cinye. Kwana biyar na yi a ɗakin. Da rana in ta fita kasuwa, nakan tsaya a taga in kalli garin: hanya a kan hanya, wata hanyar kuma a kan wannan, motoci suna wucewa ta saman rufin gidaje kamar ba su da nauyi. Hazo ba ya barin a ga ƙarshen komi. Wani lokaci sai in ji kamar ban sauka daga jirgin ba tukuna. Duk sanda na tambaye ta Sidiku, amsarta ɗaya ce: "Na san shi."

Rana ta shida Sidiku ya zo, Hajiya ba ta nan. Ya rungume ni yana ƙamshin turare, ya ce tafiya ce ta kama shi, wayarsa kuma ta faɗa ruwa. Ya fito da wata baƙar kwat daga leda ya ce in sa. Ya karɓi fasfona, wai za a yi rajista da shi a lakwal. Muna sauka daga benen muka ci karo da Hajiya tana hawowa. Ta dubi kwat ɗin, ta dubi Sidiku, suka gaisa sama-sama. Ta jawo ni gefe.

"Takardunka suna ina?"

"Ga Sidiku. Na rajista ne."

Ta yagi gefen wani kwali ta rubuta lambarta, ta cusa mini a aljihu tare da ƙullin yaji. "Kak ka yar da wanga," in ji ta.

Awa uku muka yi a mota ban ga daji ba. Gari yana ƙarewa wani ya kama, ba gona, ba shanu, ba ko bishiyar da mutum bai dasa da hannunsa ba. A hanya Sidiku ya ce mini mutanen nan ba su son yawan surutu, duk abin da aka ce mini in sunkuyar da kai in ce to. Muka sauka a wani gari na masana'antu, muka hau hawa na huɗu na wani farin gini. Wani mutum mai tumbi da gajeren gashi ya tarbe mu da hannu biyu, ya zaunar da ni a kujera mafi kyau, ya zuba mini shayi a kofin da bai fi murfin kwalba ba. Sidiku ya ce shi ne patiron, wato mai wurin. Suka yi ta magana da Sinanci suna dubana suna murmushi, ni ma ina murmushi. Kafin la'asar aka loda wa Sidiku kwalaye a mota, ya dafa kafaɗata ya ce zai dawo bayan sati biyu. Ban sake ganin shi ba har yau.

Washegari na nemi aji ban gani ba. Ba allo, ba benci, ba mushe mai koyarwa. Dogon ɗaki ne mai sanyi, mata kusan goma sha biyu cikin fararen riguna da huluna, kowacce a gaban mashin ɗinta, ba mai ɗaga kai. Na ce wa raina ƙila haka lakwal ɗinsu take. Aka damƙa ni ga wadda ta fi su shekaru, Madam Liyu, gajeruwa, furfura na leƙowa ta ƙarƙashin hularta, tabaranta a rataye da igiya. Ba ta gaishe ni ba. Hannuwana ta kama ta juya su, ta duba ciki da baya, sannan ta ɗauko abin yankan farce ta yanke mini farce goma da kanta, kamar yadda innata ke yi mini ina ƙarami. Ta sa mini robobi a kan yatsu, ta nuna mini kujera.

Ba ta jin Faransanci, ba na jin Sinanci. Wayarta ce tafintanmu: ta yi magana a ciki, ta miƙo mini in karanta. Sau da yawa abin da ke fitowa ba ya da kai, sai mu dubi juna mu koma ga hannu. Da hannu ta koya mini komi.

Zaren bai fi gashin kai kauri ba. Za ka ɗauki biyu, ka feƙe musu rigar roba a tsakiya kamar faɗin yatsa biyu, har gilashin ya fito tsirara. Ka goge shi da alkol, irin na goge ciwo a asibiti, sai ya yi ƙara a ƙarƙashin auduga, don ƙura guda ta isa ta ɓata aikin. Ka murɗa su a kan juna, ka kwantar a kan mashin, maƙallai biyu su riƙe nan da can. Daga nan wata 'yar wuta za ta matso, shuɗiya, wadda in ba ka karkata kai ba ba za ka gan ta ba. Gilashin ya yi laushi, maƙallan su fara ja da baya sannu a hankali, zaren biyu suna narkewa cikin juna suna ƙara siranta. Duk wannan lokaci akwai haske da ake turawa ta cikin zare ɗaya, irin wanda ido ba ya gani, sai na'ura. A allon mashin lamba biyu ne. Ta farko tana farawa da ɗari, ta biyu da sifiri. Wuta na ci, sai ka ga ta farko ta fara sauka, ta biyu tana hawa, kamar guga biyu a rijiya ɗaya. Inda suka haɗu, hamsin da hamsin, nan za a tsaya. Sai a ɗauke shi da numfashi a riƙe, a kwantar a cikin ɗan kwarin gilashi, a ɗiga gam, a zura a bututun ƙarfe.

Sati uku ina karya zare. Wani ya tsinke tun wurin feƙewa, wani a wuta, wani kuma ya yi kyau har ƙarshe, ya karye mini wurin ɗauka. Madam Liyu ba ta taɓa ɗaga murya ba. Takan share gutsattsarin da wata 'yar takarda mai danƙo, ta nuna mini su, ta nuna idona da yatsana, ta girgiza kai. Sannan ta miƙo wasu biyu.

Wata rana na rubuta mata tambayar da ta daɗe tana damuna: ta ina hasken ke bi ya shiga ɗaya zaren, tunda ba a huda ƙofa ba? Ta karanta, ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba. Ta yi magana a waya ta miƙo. Aka rubuta: "Babu ƙofa. In sun sirance sun matsu, hasken ba ya sanin wane ne nasa." Sai ta sa zare a mashin, ta hana shi tsayawa a hamsin. Na ga lambar farko ta ci gaba da sauka har ta kusa ƙarewa, hasken duka ya ƙaura zuwa zare na biyu. Wuta ta ci gaba da ci, sai ya fara dawowa. Ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya, kowane zuwa ya fi na baya sauri, har zaren ya tsinke. Na daɗe zaune ina kallon allon da ya koma sifiri.

Na farko da ya yi mini kyau, ranar wata Talata ce da safe. Ta kai shi na'urar gwaji, ta dawo ta ajiye shi a faranti tare da nata, ba ta ware shi gefe ba. Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba, matan suka ɗago kai a karo na farko.

Aikin yana da wani abu da ke ɗauke hankali. Ɗakin ba ya da rana ba ya da inuwa, ƙarar na'urar sanyi ɗaya ce daga safe har yamma. In na zuba wa wutar ido, ƙarar nan takan rikiɗe ta zama injin jirgin ruwa yana tasowa daga wajen Garu da buhunan shinkafa. Sai in ga kogi da safe, hayaƙin masu gasa kifi yana kwance a kan ruwa. In ga kasuwarmu ranar Asabar, manyan motocin kaya kamyon bayan kamyon, ɓawon albasa yana tashi a iska yana manne wa mutane a gashi, ana ciniki da Dandanci da Hausa da Zabarmanci a numfashi ɗaya. In ga matata Balkisa tana tankaɗe a tsakar gida, zanenta ya yi fari da gari. Ina can sai in ji an ƙwanƙwasa mini biro a wuyan hannu. In dawo, lamba ta wuce, zare ya lalace, Madam Liyu tana dubana ta saman tabarau.

Ita ce ta lura ba na cin komi a kantin ma'aikata sai farar shinkafa da yajin Hajiya, don ban san naman da ke cikin miyarsu ba. Wata ranar hutu ta zo ƙofar ɗakin kwananmu da laima, ta yafito ni. Muka yi tafiya mai nisa cikin lunguna har wani ɗan shago, inda wani mutum mai farar hula yake jan ƙullun taliya da hannu yana kaɗa shi a iska. Ya dube ni ya ce assalamu alaikum, daidai yadda ake faɗinta a masallacin unguwarmu. Na amsa. Ta zauna a gabana ba ta ci komi ba, tana kallon ruwan sama, har na gama kwano biyu.

Ranar Juma'a nake kiran gida. Babana ba ya son doguwar magana a waya.

"Isuhu, ƙaƙa karatu?"

"Lahiya lau, Baba."

"Malaman suna da kirki?"

"Suna da kirki."

"To, ka riƙe salla. Ga Balkisa."

A lokacin na riga na gane ba lakwal ba ce. Ba rajista, ba jarrabawa, ba wani ɗalibi sai ni. Amma ina koyon abin da na zo nema, ana ba ni abinci da wurin kwana, sai na bar maganar a inda take. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa patiron ke sunkuya mini in mun haɗu, yana aiko mini da lemo.

A wata na uku 'yar ƙanwarsa ta zo hutu, budurwa mai karatun Faransanci a jami'a. Ta yi murna ta sami wanda za ta gwada harshenta da shi. Ta ce mini injiniya. Na yi dariya na ce ni mai gyaran waya ne. Ita ma ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Ta ce kawunta yana alfahari da ni, babban injiniyan kamfanin da zai shimfiɗa fibir a ƙasashe uku ya zo da kansa ya zauna da ma'aikata don ya ga yadda ake yin kayan kafin a sa hannu a babbar yarjejeniya. Ta ce kwalayen da wakilinmu Sidiku ya tafi da su na gwaji ne, kawunta bai taɓa ba wani baƙo kaya masu yawa haka ba, sai don an bar masa ni.

Na ce mata to, kamar yadda aka koya mini. Na koma kujerata. Hannuna ya ƙi feƙe zare.

Da yamma na nemo guntun kwalin nan na kira Hajiya Kubura. Allah ya sa ta dawo sari. Na faɗa mata duka. Ta ce Sidiku ya bar ƙasar tun watan jiya, ba ni kaɗai ke nemansa ba.

"Hajiya, mi zan yi?"

"Bizarka ta mutu, takardunka sun tahi. In ka gudo nan, akwai masu ɓoyo, wasu shekara biyar suna ɓoyo. In ka tsaya ka hwaɗi gaskiya, ban san abin da za su yi maka ba. Ni ba ni zaɓa maka."

Kwana uku ina ɗauke da maganar. Patiron ya ci gaba da sunkuya mini. Ba wanda ya tuhume ni, ƙila da na yi shiru sai in ƙara wata guda ko biyu a gaban wutar nan, kuma Allah ya sani ina son in ƙara. Amma duk sanda Madam Liyu ta miƙo mini zare, sai in kasa duban ta. A rana ta huɗu na rubuta komi a wayata da Faransanci mai sauƙi, na sa aka juya shi, na ajiye a gefen mashin ɗinta. Tana tsakiyar jan zare. Ba ta duba ba sai da lambobi suka haɗu, ta ɗauke, ta ɗiga gam. Sannan ta sa tabarau ta karanta, ta koma farko ta sake karantawa. Ta tashi ta ɗauki farantin aikina na satin, ta kama hannun rigata, muka nufi ofis.

Patiron ya karanta a tsaye. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya ɗauki butar shayin da ya fara zuba mini ya juye ta a tire. Ya yi faɗa mai tsawo, budurwar tana tsaye a bakin ƙofa ta kasa fassarawa. Da ya ɗauki waya, Madam Liyu ta ajiye farantin a gabansa. Ta fara magana a hankali, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Ta daɗe tana yi. Tana ɗaga kuplar ɗaya bayan ɗaya tana nuna masa takardar gwajin kowanne. Daga baya na tambayi budurwar abin da ta ce. Ta ce mini yawancinsa labarin yadda ita Madam Liyu ta zo garin ne tana da shekara goma sha bakwai, wani ɗan ƙauyensu ya kawo su su shida ya karɓi albashinsu na farko ya ɓace. Patiron ya san labarin, don matarsa tana cikin shidan.

Ya ajiye wayar. Ya ce ba zai iya ɓoye ni ba, doka ba ta bari. Amma zan zauna a ɗakin ma'aikata har ofishin jakadancinmu ya ba ni takardar komawa, sannan in kai kaina wurin 'yan sanda da ƙafata. Na roƙi a bar ni in ci gaba da zama a gaban mashin kafin nan. Ya ɗaga kafaɗa ya juya baya. Bai sake sunkuya mini ba, kuma na fi jin daɗin hakan.

Wata guda takardar ta ɗauka, Hajiya ce ta yi ta zirga-zirgarta. A watan nan Madam Liyu ta matsar da ni mashin ɗinta. Ta koya mini raba haske ba daidai ba, kashi tara nan, ɗaya can. Ta koya mini jera su, ɗaya ya haifi biyu, biyu su haifi huɗu, huɗu takwas, duka a cikin akwatin da bai fi tafin hannu ba. In mun gama sai ta kashe fitilar teburin, ta haska jar fitila a zaren farko, bakuna takwas su kama a tare. Tun da na dawo ban sake ganin irin mashin ɗin ba. Aikin da nake yi yanzu haɗa zare ne a gefen hanya tare da 'yan kwangila, tsakanin Kandi da gada, kuma sun ce ba su da mai tsabtar hannu kamata. Amma wannan wutar, sau ɗaya aka ba ni ita.

Ranar tafiya Madam Liyu ta raka ni tashar mota. Ta ba ni leda da dafaffen ƙwai shida da lemo. Na so in roƙi kuplar guda in kai gida, kunyar kwalayen Sidiku ta hana ni. Ta yi magana a waya ta miƙo mini. Abin da ya fito shi ne: "Ka ci tun da zafi." Motar ta tashi, ita tana tsaye da laimarta a rufe.

Kwana goma sha biyu 'yan sanda suka tsare ni saboda bizar da ta mutu. Ba su dake ni ba, ba su zage ni ba. Ɗaki ne ba taga, mu takwas, fitila ɗaya da ba a kashewa, har na rasa lissafin salla, sai wani dattijo ɗan Mali da ke ƙiyasta mana lokaci da zuwan abinci. A nan babban yatsana na dama ya fara ciwo. In na taɓa bargo sai in ji kamar an soka mini allura. Na duba, dattijon ya duba, ba jini, ba kumburi, ba komi. Fataken Hausawa na Gwanzu, waɗanda yawancinsu ban taɓa gani ba, su suka haɗa mini kuɗin jirgi da Hajiya ta bi su shago shago.

Jirgi ya sauke ni Kwatano, daga nan na hau bas. Paraku, Kandi, Gene. Ƙasa tana ƙara ja, bishiyoyi suna ƙara nisa da juna, shanu suna tsallaka kwalta ba gaggawa. Ban gaya wa kowa ranar zuwana ba. Na sauka na ƙi hawa kabu-kabu, na taka da ƙafa ta bayan kasuwa don kada a gan ni.

Babana yana zaure yana ɗinke bakin buhu. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi hannuna da ba jaka. Na durƙusa na gaishe shi. Ban bari ya tambaya ba, na faɗa masa duka, har da ƙaryar da nake yi masa kowace Juma'a. Bai daina ɗinki ba sai da na kai ƙarshe.

"Mai wurin nan," in ji shi, "kai ka hwaɗa mai, ko shi ya gano ka?"

"Ni na hwaɗa mai, Baba."

Ya ja zaren ya ƙulla, ya yanke da haƙori. "Shiga ka gaida innarka. Ta daina cin abinci sosai tun da wayarka ta mutu."

Washegari da hantsi Balkisa ta ga ina ɗaukar kofin koko da yatsa huɗu. Ta ce in ba ta hannun. Ta jawo ni tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi, ta zaunar da ni kan turmi, ta ƙona bakin allura da ashana. Ta juya yatsan nan, ta juya can, ta matsa, har ta ce, "Tsaya. Ga wani abu na walƙiya." Ta daɗe tana tono a hankali, harshenta a tsakanin haƙora. Da ya fito ta ɗora shi a kan baƙin farcenta mai lalle. Ɗan gutsuren zare ne, bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba. Rana ta shiga ta baki ɗaya, ɗaya bakin ya yi ɗan haske.

"Mi ne ne wanga?"

"Shi ne abin da na tahi koyo."

Ta matso da shi kusa da idonta, ta karkata farcen, hasken ya ɓace, ta mayar ya dawo. Innata ta taso daga bakin murhu, ta leƙa. Babana da ya shigo ɗaukar buta ya tsaya a bayansu, ya ce a matsa ya gani. Su uku suka sunkuya a kan farce ɗaya, ba mai numfashi da ƙarfi, kokona yana hucewa a ƙasa.